Belun Ɗan Fari

Babana Dogo wanzami ne, duk Bungudu ba wanda bai san zabirarsa ba. Ba a daɗe da ba mu jiha ba hannunsa na dama ya fara karkarwa. Yana zaune haka kawai sai ka ga yatsunsa suna murza abin da babu. Mutane suka janye jiki, har aminansa sai su ce wai gashin bai taru ba, alhali suma ta rufe musu kunne.

Mijina Sama'ila, mai tuƙa bas tsakanin Tsafe da Gusau, shi ya kai shi asibiti. Likita ya ba shi wata 'yar farar ƙwaya, Atan, ya ce za ta rage karkarwar, amma tana busar da baki, tana sa gani ya yi dishi-dishi, kada ya kuskura ya wuce yadda aka ce. Baba ya ɗauki zancen farko, sauran ya bar wa likita kayansa.

Hannu kuwa ya lafa. Ni kuma na baro Tsafe na zo gida haihuwar fari, na sami ɗa namiji. Baba ya rantse ba wanzamin da zai taɓa jikansa sai shi. Shi zai yi askin suna, shi zai cire belu, 'yar tsokar nan da ke reto can cikin maƙogwaro. So yake garin ya gani da idonsa cewa Dogo ya dawo.

Da safiyar suna ina bakin ƙofar ɗaki na hango shi ya zazzago ƙwayar a tafin hannu. Ba ɗaya ba ce. Ya watsa baki, ya kora da ruwa. Kafin hantsi ya shanye randa rabi, yana ta lasar leɓe. Goggo Talatu, ƙanwarsa, ta miƙa masa goro, sai yatsunsa suka kama iska a gefen hannunta. Ya yi dariya, kowa ya yi dariya. Ni dai ban yi ba, don na ga baƙin idonsa ya buɗe fiye da yadda na san shi.

To a wurinmu uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa, ko kuka yake tsalawa sai ta kau da kai kamar na maƙwabta ne. Wadda ta nuna damuwa kuwa, ta zama abin zance a gidan biki har ta yi jika.

Na matsa kusa da mahaifiyata na ce a hankali, "Inna, idon Baba ba daidai yake ba."

"Ke, ruhwa muna baki, marar ta-ido," in ji ta. "Tun yanzu? Dubi hannunai, ko motsi bai yi."

Gaskiyarta ne, hannun ba ya motsi. Kowa hannun yake kallo.

Goggo ta zauna tsakar gida da jaririn a cinya. Baba ya yi bismilla ya fara aski, babban yatsansa yana lalube gaba, askar tana binsa. Ya ɗan ƙwarzane shi a bayan kunne, jini ya tsattsafo, Goggo ta goge da gefen zane, wata ta rangaɗa guɗa. Ni ina ɗaki ina leƙe ina cizon mayafina, nono yana zuba ban ma sani ba. Wallahi tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Sai ya zaro 'yar askar belu mai lanƙwasa. Ya kai ta kusa da fuska, ya mayar da ita nesa, ya ƙanƙance ido. Goggo ta matse kumatun yaron, bakin ya buɗe, ɗan mitsitsi, bai fi a sa yatsa ba. Baba ya danne harshen da ɗan itace, ya sunkuya, ƙarfen ya nufi ciki.

Ban san lokacin da na fito ba, ba ɗankwali ba takalmi.

"Ku ba ni ɗana!"

Na fizge shi daga cinyar Goggo na rungume. Sai salati ya ɓarke a gidan. Na ji wata tsohuwa tana cewa 'ya'yan yanzu sun gama lalacewa. Inna ta rufe fuska da hannu biyu don kunya.

Baba bai yi faɗa ba. Yana durƙushe inda yake, askar tana tsaye cak a hannunsa. Ya ɗago kai yana nemana, idonsa ya sauka can gefen kafaɗata.

"Hanatu," ya ce, muryarsa a bushe, "wanne kinka ɗauka? Tun ɗazu biyu nika gani. Ina ta tunanin da wanne za ni hwarawa."