An Yanka Ta Kafin Ta Mutu

Kun gani, kuka kau da kai. Kuna nan a Kasuwar Daji ranar da baƙi biyu suka sauko daga farar mota suna neman tumakin da za su gwada wata 'yar na'ura a jikinsu, wai in ta yi kyau za a riƙa sa wa mutane a asibiti. Adda, Bafulatanar Sakajiki da mijinta ya rasu ya bar mata tumaki tara, ta ba da shida, don an ce za a ba su maganin tsutsa kyauta. Aka yi wa kowace allurar barci, aka tsaga fata, aka cusa abin, aka ɗinke.

Kwana huɗu bayan haka aka aiko mini, tunda ni na karanta lafiyar dabbobi. Kafin babur ya kai ni Sakajiki an riga an yanka ɗaya daga cikinsu, wata farar tunkiya. Tun ranar allurar ba ta ci ba, sai dalalar miyau. Da ta faɗi tana shure-shure, maƙwabta suka rugo da wuƙa kada ta zama mushe.

Na tarar da Haladu mahauci yana fiɗa. Hantar ta kumbura, ta yi ɗorawa.

"Baba Haladu, naman nan ba ya ciyuwa. Maganin allurar na cikinsa."

"Kai ɗan boko, da bisimilla aka yanka ta. Ta motsa ƙafa, kowa ya gani. Ko ka fi liman sani?"

"Ba yankan nake zargi ba."

"To mi kake zargi? Matsa, ka tare min haske."

Na garzaya ƙofar Maigari. "Ranka shi daɗe, a hana sayar da naman nan."

"Mahmuda, baƙin nan da takarda suka zo. Zauna ka sha fura."

Ban zauna ba. Kafin in dawo rabin naman ya hau tukuba, mutane na miƙa hannu. Adda ta riƙo bakin rigata.

"Ɗana, sauran biyar ɗin fa? Biyu sun daina tuƙa."

Ni kuwa ko sunan maganin ban sani ba, balle makarinsa. Bana, da zuwan Shari'a, mun fasa kwalaben giya, mun gyara mudun awo, amma a cikinmu babu wanda ya tambayi abin da ke cikin kwalbar da aka zuƙo allurar.

Baƙin za su dawo ranar kasuwa, suna neman wasu tumakin. Ku zo kara, wurin cinikin dabbobi, tun da hantsi ku tsaya tare da ni. Kada a kama musu ƙafar tunkiya ko ɗaya sai sun faɗi sunan maganin, sun je Sakajiki sun duba na Adda.