Wankan Halawa

Halawa ta faɗi a gindin randa karo na biyu, ƙafafunta na baya suka ƙi ɗaukarta. Miyau na dalala daga bakinta har ƙasa, jikinta na karkarwa, alhali rana ta take tsaka a unguwar Ridina, ko simintin tsakar gida ba ya takuwa.

Zuleha ta durƙusa ta miƙa hannu, ta kuma janye shi. Kyanwar ba tata ba ce. Ta Goggo Indo ce, ƙanwar mahaifin mijinta Halliru, wadda ta raine shi tun yana goye. Shekara shida tsohuwar tana tare da Halawa ba ta taɓa ganinta ba, saboda yanar da ta rufe mata ido, sai dai ta laluba ta da hannu. Jiya aka yi mata aiki, yau da la'asar za a kwance mata bandeji a sallame ta. Da za ta fita daga gidan abu ɗaya ta faɗa, wai tana so ta fara ɗora idonta a kan Halawa, ta ga ko da gaske ja ce kamar yadda ake gaya mata.

"Khalida," Zuleha ta ɗaga murya ta kan katanga. "Zo yanzu, ko mayafi kar ki tsaya nema."

Khalida maƙwabciyarta ce, kuma shekara tara ke nan suna haɗa humra da turaren wuta tare suna sayarwa. Ta shigo tana goge hannu da gefen zani, ta ja hanci.

"Kai, ƙamshi har titi. Amarya kika wanke ko mage?"

"Bar wasa, dube ta."

Khalida ta duba. Murmushin ya bar fuskarta.

"Tun yaushe?"

"Na gama mata wanka, ta hau katanga tana lashe jikinta. Ko rabin awa ba a yi ba ta sauko tana tangaɗi."

"Madara za ki ba ta. Ki haɗa da man gyaɗa ki ɗura mata, ta amayar. Haka muka yi wa akuyarmu da ta ci leda."

"Wannan ba akuya ba ce."

Ƙuma ce ta jawo komai. Tun farkon zafi ta cika jikin Halawa, har ta fara bin tabarmar Goggo. Halliru, da yake dillalin shanu ne, ya kawo ragowar maganin kaska a gora ya ce a ɗiga mata a ƙeya. Zuleha ta ƙi. Ta ce abin da ake zuba wa bijimi ba za a zuba wa dabbar da ba ta kai tiya ɗaya ta gero nauyi ba, ita za ta haɗa nata, wanda babu ko ɗigon maganin kanti a ciki. Jiya da yamma suka zauna da Khalida suka haɗa, suna yi suna yabon kansu.

Ta ɗauki waya ta kira mijin. Kukan shanu ya riga muryarsa shigowa.

"Abu Hidaya," ta kira shi da sunan 'yarsu kamar kullum, "Halawa ba lafiya. Tana karkarwa."

"Kin zuba mata maganin nan nawa ne?"

"Ban taɓa shi ba. Nawa na yi mata."

"To. Kira Doktor Harun, mai duba mana shanu. Zan turo miki lambarsa. Ƙarfe huɗu zan ɗauko Goggo, kin sani ko?"

"Na sani."

Doktor Harun bai tsaya dogon gaisuwa ba. Da ta ce masa ita matar Halliru ce, ta gaya masa abin da take gani, sai ya tambaya, "Me ke cikin ruwan wankan?"

"Ba komai na kanti, Doktor. Dafaffen ganyen darbejiya ne, da sabulun salo, da ɗan man sandal, sai man kanumfari."

"Kanumfarin nawa?"

"Murfi biyu."

"Wanda kuke sa wa humra, mai ƙarfin nan?"

"Shi."

"Saurara, Hajiya. Kar ki ba ta madara, kar ki ba ta mai, kar ki ɗura mata komai, zai wuce mata huhu. Kina da sabulun ruwa na wanke kwanuka? Ki wanke ta da shi sau uku, da ruwa mai ɗumi kaɗan, har sai ƙamshin ya bar gashinta. Kar ruwa ya shiga hancinta. Ki naɗe ta a tawul ki kawo min ita shagona a unguwar Paris-Congo. Kar ki tsaya komai a hanya."

Famfo bai kawo ruwa ba tun safe, na randa kuma ya yi sanyi da yawa. Khalida ce ta tuna da jarkar da mai ruwa ya ajiye a bakin zaure, rana ta buge ta daidai. Ta riƙe kan kyanwar, Zuleha tana cuɗawa. A ranar da take lafiya Halawa ba ta yarda ko ɗigon ruwa ya taɓa ta ba tare da ta yaƙushi mutum ba. Yau ta kwanta laƙwas a cikin baho, ƙuma na fita suna yawo a kan kumfa. A wanki na uku Zuleha ta kai hancinta jikin gashin. Har yanzu da saura, amma kaɗan.

Suka tare kilando biyu, baburan haya, a bakin titi. Zuleha ta rungume kwandon a ƙirjinta, hannu ɗaya a ciki yana jin bugun haƙarƙarin kyanwar. Mai babur ɗin ya waigo ya tambaye ta da Larabci ko jariri ne.

"Bisse ce," ta ce masa, wato kyanwa. "Yi sauri."

Ya yi dariya, amma ya ƙara wuta.

Wurin Doktor Harun shago ne mai ƙofa ɗaya, cike da gorunan maganin shanu da buhunan gishirin lasa, da wani ɗan ɗaki a baya mai teburin ƙarfe. Mutum ne gajere mai furfura a gemu kawai. Ya karɓi kwandon, ya ɗaga leɓen Halawa ya duba dasashinta, ya haska idonta, ya aske ɗan wuri a ƙafarta ta gaba. Sai a karo na biyu ya samu jijiya. Ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ke bango, ya yi mata allura guda don karkarwar.

"Za ta tashi?" in ji Zuleha.

"Ban sani ba tukuna. Wankin da kika yi da wuri ya taimaka. Abin da ta riga ta lasa shi ne ba mu da iko da shi."

"Amma Doktor, kanumfari ne fa. Muna sa shi a shayi. Jarirai ma ana goga musu a dasashi."

"Kina sa albasa a miya?"

"Kullum."

"Ita ma tana lalata jinin kyanwa. Hantarta ba irin tamu ba ce, ba ta iya narkar da waɗannan mayukan masu ƙamshi. Kuma kare in kin wanke shi sai ya girgije ya tafi, ita kuwa zama za ta yi ta lashe kanta tas. Duk abin da kika shafa mata, kin ba ta ta sha ne."

Khalida ta jingina da ƙofa. "Da ta bi maganar mijinta ke nan, da ba mu zo nan ba."

"Wace magana?"

"Maganin kaska na shanu."

Doktor ya dube ta ta saman gilashinsa. "Da ba ku zo nan ba, gaskiya ne. Da rami kuka haƙa."

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalabe biyu masu ƙura, ya ajiye gaban Zuleha. Dukansu da hoton ganye, dukansu an rubuta da Faransanci cewa daga tsirrai aka yi su.

"Wannan na kare ne, ga hotonsa. Juya bayansa. Kin gani, man na'a-na'a da man ɓawon lemo. In ya taɓa kyanwa, abin da kika gani yau za ki sake gani. Wannan ɗayan an rubuta na kyanwa ne, buɗe ki shinshina."

Ta buɗe. "Ba ya ƙamshin komai."

"Shi ya sa ba mai saye. Ku mata sai hanci ya yarda kuke yarda. In ba ki samu irinsa ba, sabulu mara turare ya isa. Ki fara zagaye wuyanta da kumfa, don kar ƙumar ta gudu ta taru a kai, ki wanke, ki ɗauraye sosai. Sauran aikin na matajin kwarkwata ne, kullum, kina tsoma shi a ruwan sabulu. Tabarma da tsummokaran da take kwanciya a kai kuma ki wanke ki baza a rana, don ƙwan yana can."

Ya koma gaban shago, wani makiyayi na jiran sa. Ruwan ya ci gaba da ɗiga. Zuleha ta duba waya, uku da rabi ta wuce.

Khalida ta matso kusa da ita ta rage murya. "Ki ji wata magana. A unguwar Abena, gidan ƙanwata, akwai jar mage, girmansu ɗaya. Goggo ba ta taɓa ganin wannan ba. Mu ɗauko waccan mu ajiye a gida, in wannan ta warke sai mu mayar. In kuma ba ta warke ba..."

"Matar da ta san tsagar kunnen Halawa da yatsa?"

"Sai ki ce ta warke."

"Ta san kukanta, ta san nauyinta a cinya. Ko takunta a kan kwano ta sani."

"To me za ki ce mata? Ranar da ta fara gani ki nuna mata wannan?"

Zuleha ta mayar da idonta kan tebur. Ta daɗe tana kallon kyanwar. Karkarwar ta ragu, sai ɗan motsi a kunne lokaci-lokaci. Ƙarfe huɗu da kwata wayar ta yi ƙara.

"Am Hidaya, mun fito," in ji Halliru. A bayansa tana jin muryar Goggo tana tambayar wane ne ya yi wa garin nan fenti haka. "Me zan ce mata? Tun a gado take tambaya."

"Kar ka ce komai. Kawo ta nan Paris-Congo."

Goggo Indo ta shigo riƙe da hannun Halliru, da baƙin gilashi babba a fuskarta. Ta tsaya a bakin ɗan ɗakin, ta ɗaga hanci.

"Kanumfari," ta ce. "Zuleha, ke ce nan?"

"Ni ce, Goggo. Sannu da jiki."

"Ashe doguwa ce ke. Ina Halawa?"

Zuleha ta durƙusa. "Goggo, laifina ne. Ƙuma ta dame ta, na so ki zo ki same ta tsaf. Na haɗa mata ruwan wanka da man humra, ashe guba ne a wurinta. Ba wanda ya sa ni. Ga ta nan a kan tebur."

Tsohuwar ta juya fuskarta wajen teburin. Ta saki hannun Halliru, ta taka da kanta har teburin, ta ɗaga gilashin kaɗan tana ƙifta idon da aka yi wa aiki. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe idon, ta kai yatsa ta laluba kunnen hagu.

Halawa ta buɗe baki ta yi wani ɗan kuka da ƙyar, ta tura kanta cikin tafin hannun.

"Wannan alama ce mai kyau," in ji Doktor Harun daga bakin ƙofa. "Amma sai ta kwana biyu a nan kafin in ce hantar ta tsira."

"To a kawo min kujera," in ji Goggo. Ta juya wajen Zuleha. "Tashi, kin ishe ni da durƙuso. Shekara shida kuna ce min ja ce. Wannan ai ruwan ƙasa-ƙasa ce. In ta tashi ke za ki riƙa taje ta, kuma hannunki in ya taɓa humra kar ya taɓa ta."

"To, Goggo."

Halliru ya fita neman kujera, sai ya yi karo da wani dogon mutum a ƙofar shago, sanye da kakin masu gadi, gumi ya jiƙe masa wuya. Yana rungume da kwalin taliya da aka huda wa ramuka, wani abu na motsi a ciki a hankali. A ɗaya hannun kuma ƙaramar kwalbar humra ce, an yi amfani da rabinta, ruwan ciki kore-kore.

"Salamu alaikum. An ce min a nan zan samu wata Khalida ta Ridina," ya ce. "Ita ta ba matata wannan jiya. Kyanwar ta maigidana ce, gobe yake dawowa daga tafiya."

Zuleha ta juya ta dubi Khalida.

"Ragowar tukunyar ce," in ji Khalida, idonta a ƙasa. "Na ga kar ta lalace."

"Kwalba nawa?"

"Huɗu."