Abin da Gwaggo Diep Ta Binne a Allo

A gidanmu kowa ya gaji aikin ƙaro, ban da ni. Ƙaron wata bishiya ne da ake shafa wa katako, in ya bushe ya yi sheƙi. Kakana da shi ya ci abinci, yana shafe ƙofofin ɗakunan ibada da akwatunan gawa. Ubana ya ɗora. Ƙanwarsa, Gwaggo Diep, har makarantar zane ta Hanoi ta je a kansa, ta yi karatu a hannun waɗanda Faransawa suka koyar. Ni kuwa ina ɗan shekara tara na leƙa tukunyar ɗanyen ƙaro, leƙawa kawai, kafin yamma fuskata ta kumbura har uwata ta tambaye ni ɗan gidan waye. Daga ranar aka sallame ni daga sana'ar. Yau shekarata ashirin da takwas ina koyar da zane a sakandare, da rula da fensir: yadda titi ke tsukewa in ya yi nisa, yadda mutumin da ke baya ke ƙanƙancewa. Gwaggo tana kirana Malam Rula, ko a gaban baƙi.

Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana da shekara tamanin da ɗaya. Hannun dama ya tafi. Baki ya dawo, da kaifinsa. Ƙwaƙwalwar ce take shiga tana fita kamar kyanwar maƙwabta. Matata Thoa ta ce ta dawo wurinmu, ta dawo da akwati ɗaya da wani allo mai tsawon ƙofa, baƙi ƙirin, babu ko ɗigo a jikinsa.

Shekara uku ta yi a kan allon nan. Ta shafa ƙaro ta jira ya bushe a cikin danshi, ta jera ɓawon ƙwan agwagwa, ta rufe, ta shimfiɗa azurfa, ta rufe, ta sa ja, ta sake rufewa. Daga ƙarshe ta lulluɓe komai da baƙi, kamar yadda ake yi, saura a goge da dutse da ruwa hoton ya fito daga ƙasa. Kwana biyu kafin ta fara gugar ta faɗi. Babu wanda ya san abin da ke ciki sai ita, kuma ba za ta ƙara yin wani ba.

Wata safiya bayan bikin sabuwar shekara, ana yayyafin nan da ke sa bango gumi, ta ce, “Khiem, kawo kwano da ruwa.”

Na ce, “Ni, Gwaggo?”

“Busasshen ƙaro ba ya cin mutum. In ma ya ci, fuskar nan ba wata asara za a yi ba.”

“Mu kai ƙauyen Ha Thai mana. Can gwanaye suke.”

“Gwani yana da nasa ra'ayin. Ni hannu nake so wanda babu kai a bayansa.”

“Na gode, Gwaggo.”

“Ba yabo ba ne. Ka saurara, doka ɗaya ce. Abin da ka goge ya tafi, ba a mayarwa. In na ce ci gaba ka ci gaba, in na ce tsaya ka tsaya.”

Muka ɗora allon a kan benci biyu a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Ita a kujerarta da bargo, ni a tsugune da ɗan dutse mai laushi. Ranar farko babu abin da na samu sai ruwa mai launin shayi da ciwon baya. Ta biyu ma haka. Thoa ta leƙo ta ce da zan goge tukwanenta da irin wannan himma da aurenmu ya fi haka armashi.

A rana ta uku wani fari ya ɗigo a ƙarƙashin dutsen, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Sai wani kusa da shi. Na zuba ruwa na share da tafi, sai ga matakala, irin ta bakin kogi inda ake jiran jirgin fito, kowane dutse nata da tsagarsa. Ba zana ta na yi ba. Tasowa ta yi, kamar abin da ya daɗe a ƙasan ruwa yana jiran a janye masa laka. Na zauna a kan dugadugaina ina kallo har ruwan ya bushe, matakalar ta dusashe, na sake jiƙawa ta dawo.

“Tsaya,” in ji Gwaggo. Idonta a rufe yake.

“Ba ki ma duba ba.”

“Ɓawon ƙwai yana da kukansa dabam a ƙarƙashin dutse. Kai me kake yi da kunnuwan nan, rataye tabarau?”

Haka muka yi ta tafiya. Kullum in na dawo daga makaranta sai na cire riga na tsuguna. Kogi ya fito, baƙi mai zurfi, ga azurfa tana motsi a cikinsa in ka karkata kai. Jirgin fito ya fito, da mace ɗaya a tsaye riƙe da sanda. Gora ta sunkuyo daga gefe, ja jawur. Ban taɓa ganin jar gora ba a rayuwata, amma da na gan ta a allon sai na ji kamar koren ne kuskure.

Ranar da Gwaggo ta yi gyangyaɗi na ɗauko rulata a ɓoye na auna matakalar. Daidai take cif. Kowane mataki ya ragu da gwargwadon da littafin Turawa ya ce. Gorar kuwa ba ruwanta da littafi, a shimfiɗe take babu inuwa, kamar ta jikin ƙofofin da kakana ke shafewa. Abu biyu da nake koya wa yara cewa ba sa zama wuri ɗaya, ga su suna zaune lafiya.

“Ka samu kuskure?” ta ce, ba ta buɗe ido ba.

“A'a.”

“Malaminmu yakan jera mu a bakin kogi, mu miƙa hannu mu kanne ido ɗaya muna auna duniya da babban yatsa, kamar Bafaranshe. Masu wanki suna mana dariya. In mun koma kuma mu tsoma hannu a tukunyar kakanka. Mayar da rular, kana ba ni kunya.”

A rana ta tara na kai sama, rabin allon na bisa. Da safen nan Gwaggo ta tambayi Thoa ko ta je layin karɓar shinkafa da kati, abin da aka daina tun ina saurayi. Ban so mu yi aiki ba, ita ta matsa.

Ban yi guga mai yawa ba zinariya ta buɗe. Sararin sama gaba ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba irin walƙiyar 'yan kunne ba, wani haske ne mai nauyi, kamar na la'asar a kan gonar da ta isa girbi, kuma ya zubo kan baƙin kogin har na ga kamar ruwan ya yi ɗumi. Thoa ta fito da kwanon miyar taliya ta tsaya da shi a hannu har taliyar ta kumbura. Shekarata hamsin da uku, ban taɓa yin wani abu mai kyau da hannuna ba sai ranar.

Gwaggo ta ce, “Ci gaba.”

“An iso ai, Gwaggo.”

“Ci gaba, Tuong.”

Tuong ubana ne, shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa. Na dubi Thoa, ta dube ni. Fallen zinariya bai kai kaurin fatar albasa ba. In na goge shi, ko dai akwai wani abu a ƙasa, ko kuma in tarar da yumɓu da ƙyallen da aka naɗe katakon da su, rami a tsakiyar sama.

Na ce, “Me ke ƙarƙashinta?”

“Ban sani ba.”

“Gwaggo.”

“Na manta, na gaya maka. Amma na san kaina. Ban taɓa rufe magana da zinariya ba. Wannan aikin masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido ne.”

Thoa ta ajiye kwanon ta durƙusa gefenta. “Gwaggo, a bari sai gobe mana, kin gaji.”

“Gobe wataƙila in ce a bari, don zan ga tana da kyau in ji tsoro. Yau da nake cikin hankalina nake faɗa.”

“Yanzu fa kika kira shi Tuong.”

“To ai shi ma haka yake tsayawa baki buɗe.”

Ni mutum ne da ke karanta takardar magani sau biyu kafin ya haɗiyi ƙwaya. Na daɗe a tsugune. Daga baya na ga cewa allon ba nawa ba ne, tsoron ne kawai nawa. Na jiƙa dutsen.

Zinariyar ta fara tashi, tana yawo a kan ruwan kwanon kamar maiƙo a kan miya. Na goge wuri kamar faɗin tafi, sai toka-toka ya bayyana. Na ce shi ke nan, yumɓu ne, na kashe mata aiki. Thoa ta juya baya.

“Kukansa bai canja ba,” in ji Gwaggo. “Ci gaba.”

Tokar ta yi ja, ja mai duhu kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Sai wani siririn layin azurfa ya ratsa ta, ya hau, ya karye, ya sauko. Ƙololuwar dutse ce. Na bi ta a hankali, ta kai ni ga wata, a bayanta kuma, can ƙasa da ita a cikin ƙaron, ga wata da ta fi ta dusashewa. Zinariyar ba duka ta tafi ba. Ta maƙale a kwaruruka, ta zama ƙasaƙasan gajimare a gindin duwatsun, hasken ya koma yana fitowa daga ciki.

Shekara ashirin da takwas ina gaya wa yara cewa nisa a zane dabara ce, yaudarar ido da layi. Ita ta bi layin nan daidai, sannan ta sa nisan da gaske. Dutsen da ya fi nisa shi ta fara shafawa, fiye da shekara uku da suka wuce, kuma shi ya fi kowanne zurfi. Kana kallo idonka yana nutsewa, daga matakala zuwa kogi, daga kogi zuwa inda ban san iyakarsa ba. Ina jin yayyafi a kan kwanon rumfa, da babura a titi kamar daga wani gari.

Gwaggo tana kallo kamar aikin wani ne. Can ta ce a hankali, “Ashe nan na sa su.” Sai kuma ta ce, “Ci gaba.”

Na ɗora dutsen guga na ja sau ɗaya. Sautin ya yi kauri, akwai ɗan yashi-yashi a cikinsa da ban ji ba duk kwana taran nan. Na ɗaga hannu, na ajiye dutsen a cikin kwano.

“A'a, Gwaggo. Nan ne.”

“Wa ya tambaye ka?”

“Babu. Amma ba zan ƙara ba.”

Ko akwai wani abu a ƙasan duwatsun nan, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ta harare ni, ta ce a matso da kujerarta. Muka ɗaga ta ni da Thoa. Ta shimfiɗa hannun hagu a kan allon, ta bi ƙololuwar nan da yatsa har ƙarshenta, ta dawo inda na yi jan ƙarshe, ta daɗe a wurin.

“Thoa,” ta ce, “daka mana gawayi, ya yi laushi sosai. Da tafin hannu ake fito da sheƙi.”

Da aka kawo ta barbaɗa a kan kogin, ta kama wuyan hannuna ta ɗora tafina a kai, ta ajiye nata kusa da shi, muka fara murzawa.