Safar Hannun Mahbuba

A unguwar Jaradiya ta birnin Riyad aka haifi Mahbuba, 'yar Baba Isma'il direba. Uban tsohon ɗan dambe ne daga Maraɗi, da Allah bai ba shi ɗa namiji ba sai ya koya mata tsayuwarsa a saman bene: hagu a miƙe, dama a ɓoye bayan ƙugu. Daga baya ta ɗora da kareti, har ta riƙa koyar da matan unguwa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, lokacin da ake ɓoye irin wannan kamar kayan sata.

Shekarar da aka buɗe sinima a Riyad wani darakta ya neme ta. Jarumarsa kyakkyawa ce, amma ko kaza ba ta iya kora ba. Mahbuba za ta yi mata faɗan cikin abaya da niƙabi, shi kuma ya yi alkawarin sunanta zai fito a ƙarshen fim. Abin da take so ke nan, tsohon ya ga sunansa a jikin nata kafin idonsa ya gama mutuwa.

Ranar farko darakta ya dubi hannunta ya ja tsaki. Jaruma fara ce, hannun Mahbuba kuwa hannun Bahaushiya. Aka ruga kasuwar Batha, shagon wani Nu'uman, aka sayo baƙar safar hannu. A cikinta ta yi ta watsar da ƙarti, a cikinta yatsanta ya karye, ta haɗiye kukan.

Da fim ya fito ta riƙo hannun uban zuwa kujerar gaba. Yana ganin hagun nan ta miƙe ya dafe gwiwarta. Sai aka yaye niƙabi, farar fuskar jaruma ta cika bango, mutane suka ɗauki tafi. Mahbuba ta daure, ai da sauran sunaye a ƙarshen fim.

Suka fara hawa da Larabci. Ta bi su da ido tun daga direbobi har masu dafa gahawa. Tsohon ba ya ganin ƙananan rubutu, sai taɓa ta yake yana tambaya ko an zo wurin, har fitilu suka kama.

"'Yata, a ina suka sa ki?"

Ta daɗe tana kallon karkataccen yatsanta.

"Ba su sa ni ba, Baba. Amma sun gode wa Nu'uman mai safa."