Ketura Tana Konduga

Ketura ta sauke jakarta daga kafaɗa karo na biyu, ta ce ita fa ta fasa tafiyar. Ya Gumsu, maƙwabciyarsu da ta shigo da kunun gyaɗa, ta tsaya riƙe da kwanon tana kallon uba da 'ya. A waje motar da za ta kai yara 'yan sikawut Konduga sai hon take yi.

Malam Manasse, mahaifin Ketura, yana kwance a baranda, ƙafafunsa sun kumbura. Tun da aka sallamo shi daga asibiti kowa ya san abin da ake jira. Shekara arba'in ya yi yana jagorantar sikawut ɗin layinsu a unguwar Bolori, ba wanda ya taɓa biyansa, kamar yadda mahaifinsa ya yi a ƙauyensu can wajen Biu. Yanzu Ketura ce ke riƙe da ƙungiyar, kuma tun da rikici ya ɓarke, wannan ne karon farko da iyaye suka yarda 'ya'yansu su kwana a wajen gari.

"Idan kika fasa, ba za su sake yarda ba," in ji shi. "Ɗauki jakarki. Ga Ya Gumsu nan."

Ketura ta tafi tana waiwaye. Motar na tashi ya sa Ya Gumsu ta yi masa alkawarin ba za ta kira Ketura ba sai sun dawo ranar Lahadi. Ta amsa don kawai ya sha kunun.

Shekara talatin suna katanga ɗaya. Da farko Ya Gumsu ba ta so ɗanta Nuraddeen ya shiga sikawut ba, tana cewa abin 'yan coci ne, har Malam ya zo da kansa ya yi wa maigidanta bayani da gurɓataccen Barbarcinsa. Daga baya Nuraddeen ɗin ne ya tsayar wa wata mata jini a bakin kasuwa da abin da ya koya a sikawut, ta rayu. Yau shi bakanike ne mai 'ya'ya uku, kuma shi ke juya Malam a kan shimfiɗa safe da yamma.

Ranar Asabar bayan la'asar numfashin Malam ya canza. Fasto ya zo ya yi addu'a ya tafi. Ya Gumsu ta fita bakin famfo, tana jujjuya wayar a hannunta. Ta yi wa mai rai alkawari, amma ta tuna ita ma tana Gamboru aka binne mahaifinta, har yau abin bai bar ta ba. Ta kira.

Ta gaya wa Ketura halin da ake ciki. Ketura ta ce motar ba za ta zo ba sai gobe, kuma ko akwai mota ba za ta bar 'ya'yan mutane a fili ba. Ta roƙa a kara masa wayar a kunne.

Malam ya buɗe ido, ya dubi Ya Gumsu, ya girgiza kai kaɗan, amma bai yi faɗa ba. Daga cikin wayar ana jin hayaniyar yara, wani yana busa usur.

"Su nawa ne?" ya tambaya.

"Talatin da biyu, Baba."

"Sun ci?"

"Suna dafawa. Shinkafar ta ƙone."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Nuraddeen ya tallabo shi. Da tarin ya lafa ya ce ta ƙirga su kafin su kwanta, ta sake ƙirgawa da safe. Ketura ta ce to, ta ci gaba da kiran Baba, Baba, amma bai ƙara magana ba. Ana kiran sallar magariba ya cika. Nuraddeen ne ya rufe masa ido, Ya Gumsu ta ja zane ta lulluɓe ƙafafun.

Washegari gidan ya cika da matan coci da matan layi, wasu na waƙa a hankali, wasu na jan carbi. An ga motar ta shigo unguwa tun hantsi, amma Ketura ba ta iso ba sai azahar. Gida-gida ta bi, ta miƙa kowane yaro a hannun iyayensa.

Ta shigo cikin kakinta, ta gaida mutane da murya ƙasa-ƙasa, ta zauna a bakin barandar don ta cire takalmi. Igiyar ta ƙulle, ta yi ta ja ta kasa. Ya Gumsu ta durƙusa a gabanta da gwiwoyinta masu ciwo, ta janye hannuwan Ketura gefe, ta fara kwance igiyar a hankali.