Katangar Abdulmannan

Tun daga Guri na taso zuwa ofishin ƙungiyar manoma a Haɗejiya, saboda maƙwabcina Baƙo ya haɗe fadamata da tasa. Gobe za a raba filayen noman rani. In ƙarata ba ta shiga kwamfuta yau ba, fadama ta tafi.

Na tarar da Abdulmannan, sabon mai kula da na'urorinsu, yana ta zufa.

"Inna, katangar tsaro na kafa wa babbar na'urar saboda ɓarayin intanet. Na toshe duk ƙofofin, na manta ban bar tawa ba. Yanzu ni ma ta hana ni shiga."

"To rushe ta mana!"

"Sai na je ɗakin da take. Makullin yana hannun abokin aikina Godwin, shi kuma ruwa ya tare shi a Kirikasamma."

"Kai, ko masunta in suka datse kogi da dumba, shingen kama kifi, suna barin hanyar kwalekwale! Wa ya koya maka aiki?"

Ya ɗauki jakarsa, wai zai je cin abinci. Na shimfiɗa mayafina a bakin ƙofa, na zauna, na miƙe ƙafa.

"Ba inda za ka. Kira Godwin, ya nemi kwalekwale."