Kunun Aya Zuwa Dapaong

Duk unguwar Didaouré ta garin Sokodé babu wanda bai san Baba Kassimu ba, in ma akwai, shi da kansa zai tare shi ya gaya masa. Mutumin da babbar mota ta kife da shi a dutsen Aledjo ya fito yana karkaɗe riga. Shekarar da amai da gudawa suka kwashe rabin layinsu, shi ko ciwon kai bai yi ba. Sai dai tun da matarsa Laraba ta rasu masu sauraro suka ragu, saura akuya da rediyo.

Abu guda ke cinsa. Jikarsa Bara'atu, ɗiyar 'yarsa Khairiya da ke aure a Dapaong, har ta fara magana ba ta san shi ba. In aka miƙa mata waya sai ta ture.

Ran nan Khairiya ta ce masa yarinyar ba ta shan komai sai lemon kwali.

"Ruwan kala?" in ji shi. "Ke da kunun ayar uwarki kika girma. Ina zuwa."

Ya jiƙa aya ta kwana, ya cire ƙwallon dabino, ya kankare kwakwa kaɗan. Ba sukari, ba citta, bakin yaro ba ya son yaji. Ya kai inji da asuba, ya tsaya a kan mai injin sai da ya wanke shi, ya dawo ya tace da farin ƙyallen Laraba. Kunu ya fito fari sol, ya cika gora.

Maƙwabciyarsa Amariya ta leƙo ta katanga. "Baba, aya ba ta son tafiya. Ka sa ƙanƙara."

"Ni da na ci wannan hanya tun ba a haife ki ba?"

Bayan garin Mango mota ta mutu. Rana ta buɗe, Baba ya rufe gorar da babbar rigarsa, yana ba fasinjoji labarin Aledjo har suka yi barci.

Da la'asar ya isa. Bara'atu ta ɓuya bayan zanen uwarta.

"Zo, amaryata, ga angonki ya kawo lefe."

Ya murɗa murfi, gora ta yi huci, tsami ya bugi hancin kowa.

"Baba, ya lalace," Khairiya ta ce a hankali. "Da ka zo hannu sake, ai mun gode."

Ya kafa kai ya sha rabi, ya goge gemu. "Cikina ya ga abin da ya fi wannan." Ba wanda ya yi dariya. Yarinyar ta shige ɗaki.

Kashegari ya sa aka sayo aya, ta jiƙu, ya zauna tsakar gida da turmi. Khairiya ta fito da na'urar markaɗe, ya ce ta mayar. Ƙarar taɓarya ce ta fito da Bara'atu. Ta tsuguna nesa, ta matso, ta saci dabino ɗaya. Ya yi kamar bai gani ba, kuma wannan karon bai ba kowa labari ba.

Ya tace ya miƙa mata kofi. Ta shanye, farin gashin baki ya fito mata. Ta juya wurin uwarta.

"Inna, ki ce wa mai kunu ya ƙara."

"Kakanki ne."

"Mai kunu," ta sake cewa, ta miƙo kofin da hannu biyu.

Da ya koma Sokodé ya buɗe ƙofa, akuya ta taso. Ya wanke ƙyallen Laraba ya shanya, ya zauna bakin ɗaki.

"Kofi biyu ta sha," ya gaya wa akuyar. "Daga hannuna. Yanzu a Dapaong akwai wadda ta san ni."

Akuya ta ci gaba da tuƙa. Ya ajiye wayar kusa da shi, ko za a kira.